Masu neman zinariya a cikin dalma: daga wane littafi zan fara?

Ɗan Marina: Assalamu alaikum mutanen gida. Tambaya gare ni, amma don Allah kada a yi mini wata fassara. Kwanan baya na ci karo da wani bidiyo da ke cewa Isaac Newton, wannan dai mai dokokin motsi da muka sha hadda a sakandare, ya kwashe shekaru yana neman yadda zai mayar da dalma zinariya. Na ɗauka zuƙi-ta-malle ce irin ta masu neman mabiya. Da na ɗan tona sai na ga rijiyar da zurfi: su Hermes, John Dee, Rosicrucian, Golden Dawn, sunaye dai barkatai. Abin haushin, duk shafin da na buɗe ko dai mai tallan asiri ne, ko kuma irin masu cewa komai Illuminati ne. Ni littafin tarihi nake so, na wanda ya zauna ya yi bincike. Wa zai kama mini bakin zaren?

Na Tudu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin a zo maganar littafi, me ka ajiye a can da kake son ɗaukowa? Aya ta 102 a Baƙara ta gama magana a kan masu koyon abin da ke cutar da su ba ya amfanar su. Yau tarihi ne, gobe sai a ji kana gwada turare a ɗaki.

Ɗan Marina: Allah gafarta Malam, ai shi ya sa na ce kada a yi mini fassara. Ko turaren tsinke tari yake sa ni.

Baban Halifa: Bidiyon bai yi ƙarya ba. Ni kimiyyar sinadarai nake koyarwa, kuma nakan ba ɗalibaina labarin nan idan na ga barci ya fara ɗibarsu. Newton ya yi wajen shekara 30 a kan aikin, yana da tanderunsa a Kambirij, ya bar rubuce-rubucen da aka ƙiyasta sun kai kalma miliyan guda. Danginsa suka adana takardun, sai a 1936 aka yi gwanjonsu a Landan. Masanin tattalin arzikin nan John Maynard Keynes ya sayi kaso mai tsoka, ya karanta, ya rubuta cewa mutumin nan shi ne na ƙarshen masu sihiri. Yanzu Jami'ar Indiana ta Amurka ta sa takardun a intanet kyauta, har da hoton rubutun hannunsa.

Idan littafi ɗaya kake iya saya, nemi The Secrets of Alchemy na Lawrence Principe. Dalilina kuwa, shi Principe masanin sinadarai ne kuma masanin tarihi, sai ya riƙa ɗaukar tsofaffin bayanan nan yana gwadawa a ɗakin gwaji. Akwai inda ya bi umarnin George Starkey, wani mai wannan aiki na ƙarni na 17, ya haɗa zaibar da aka sarrafa da zinariya a kwalba ya toshe, ya bar ta a kan wuta. Bayan kwanaki sai ga wani abu mai rassa kamar bishiya ya tsiro a ciki. Wato "bishiyar masana" da suke ta zanawa a littattafansu ba mafarki suka yi ba, da idonsu suka gani. Zinariyar ce dai ba ta ƙaru ba.

Malamar Tarihi: Na goyi bayan Baban Halifa a kan Principe. Sai dai ina so in gyara wa ɗana mai tambaya hanya tun daga fita. Ka jero sunayen Turawa kana neman inda za ka fara, alhali tsakiyar labarin da Larabci aka rubuta shi. Ka dubi sunan da ake kiran wannan aiki na mayar da dalma zinariya. Turawa sun ce alkemi, daga alkimiya ta Larabci. Mu kuma da muka tashi raɗa wa ilimin zamani suna, kalmar nan muka ɗauko muka ce kimiyya. Tanderun da ake gasa gurasa, daga tannur yake, kuma daga nan Turawa suka sami sunan murhun masu wannan aiki. Iksir ma haka, da tukunyar tatsar tururi da Larabawa ke kira anbiƙ.

Turai ta Yamma ba ta san wannan fanni ba sai a 1144, lokacin da Robert na Chester ya fassara wani littafi daga Larabci zuwa Latin a Andalus, labarin Yarima Khalid ɗan Yazid da wani rahibi mai suna Maryanus. Shi kuma rubutun nan da masu asirin Turai ke ɗauka kamar kundin tsarinsu, Allon Zumurrudu da ake jingina wa Hermes, wani mai hikima na almara a tsohuwar Masar, mafi tsufan inda aka same shi littafin Larabci ne, Sirrul Khaliƙa. Newton da kansa ya fassara shi zuwa Ingilishi. Littafin sihirin taurari da ya fi shahara a Turai, Picatrix, shi ne Ghayatul Hakim na Andalus, an fassara shi a fadar Sarki Alfonso na 10 wajen 1256. Idan kana son wannan gada sosai, Liana Saif ta yi littafi a 2015 a kan tasirin Larabawa a falsafar ɓoye ta Turai. Yana da ɗan nauyi, kada ka fara da shi.

Sarkin Gardama: To ashe maganata ta fito. Kullum ina faɗa a nan cewa iliminmu suka sace suka canza masa riga. Jabir bin Hayyan shi ne uban kimiyyar sinadarai, shi ya gano duk ruwan batir ɗin nan, amma ba za ka ji sunansa a makarantar boko ba.

Malamar Tarihi: Sannu Sarki, a hankali dai. In sata ce, to an yi ta fiye da sau ɗaya. Kafin Jabir akwai Zosimos, mutumin Akhmim a Masar, wajen shekara ta 300, da Girkanci ya yi rubutu, kuma marubutan Larabci sun yi ta ambatonsa ba tare da jin kunya ba. Haka ilimi yake, gishiri ne, daga hannun fatake zuwa hannun fatake.

Sannan maganar Jabir akwai ƙura. Paul Kraus, wanda ya wallafa bincikensa a Alƙahira a 1942 da 1943, ya kawo hujjojin cewa ɗaruruwan littattafan da ke ɗauke da sunan Jabir ba mutum ɗaya ya rubuta su ba, aikin jama'a ne cikin tsawon lokaci. Wasu masana ba su yarda da duk abin da ya ce ba, amma ba wanda ya iya tsallake shi. Ban da haka, akwai wani "Geber" na Latin, mai littafin Summa perfectionis na ƙarshen ƙarni na 13. William Newman ya nuna cewa Bature ne ya ari sunan don littafinsa ya samu shiga, yana ganin wani limamin Kirista ne ɗan Italiya, Paul na Taranto. Bayanin kaifafan ruwan nan masu narkar da ƙarfe ya fi fitowa fili a littattafan Latin masu wannan sunan aro. In kana neman Musulmin da za ka bugi ƙirji da shi ba tare da an kama ka ba, ɗauki Abubakar Ar-Razi. Kitabul Asrar ɗinsa tamkar littafin ɗakin gwaji yake: ga kayan aiki, ga rabe-raben ma'adinai, ga yadda ake yi.

Sarkin Gardama: Malama, duk masu binciken da kika kira ai Turawa ne. Kura ce za ta ba da shaidar akuya?

Malamar Tarihi: Ibnun Nadim Bature ne? A Fihrist ɗinsa, tun ƙarni na 10 a Bagadaza, ya kawo cewa akwai masana da ke shakkar ko Jabir ya rubuta duk abin da ake jingina masa. Shi bai yarda da su ba, amma ya rubuta cewa ana faɗa.

Hajiya Mai Gwal: Ni dai ban yi zurfi a boko ba, amma shekarata 22 ina harkar gwal, kuma ina karanta ku ina dariya. Har yau masu alkimiyar nan suna nan, sun dai sauya kaya. An taɓa kawo mini wasu 'yan dunƙule, wai daga daji aka haƙo. Na goga a dutsen gwaji, na ɗiga ruwa, ya tsaya cak. Allah ya taimake ni na ce sai an sara biyu. Ciki jan ƙarfe ne zalla, an yi masa wanka. Tun daga ranar ba na sayen dunƙule sai an narka a gabana, kuma da tukunyata, da gawayina.

Alaramman Layi: Hajiya, wannan "da gawayina" da kika ce, kin yi karatun da ya fi na littafi. Akwai wani mutumin Dimashƙa a ƙarni na 13, Al-Jaubari, ya rubuta Al-Mukhtar fi Kashfil Asrar, littafi guda a kan dabarun 'yan damfara. A ciki ya kawo labarin wani Ba'ajame da ya zo Dimashƙa zamanin Sarki Nuruddin. Ya goge dinari 1000 ya zama gari, ya cuɗa da gawayi da wasu tarkace, ya mulmula kamar ƙwayoyin magani, ya kai wa wani mai sayar da kayan ƙamshi a kan 'yan dirhami, ya ce sunansa tabarmak. Sai ya shiga gari yana nuna shi masanin alkimiya ne, har labari ya kai fada. Sarki ya kira shi. Ya ce shi ba zai taɓa komai da hannunsa ba, ga dai jerin abin da za a sayo, a ciki har da tabarmak. Bayin sarki suka zaga kasuwa suka samo a wurin mai kayan ƙamshin nan. Aka zuba a wuta, sai ga zinariya tana ƙyalli. Sarki ya ce a ƙara. Aka koma kasuwa, tabarmak ya ƙare. Mutumin ya ce ai akwai shi jibge a wani kogo a Khurasan. Aka haɗa masa guzuri da dukiya mai yawa, ya kama hanya.

Daɗin labarin yana ƙarshe. Aka ce akwai wani a garin mai rubuta sunayen wawaye, sai ya sa sunan sarki a sama. Sarki ya kira shi ya ce, in mutumin ya dawo fa? Ya ce, ranka ya daɗe, sai in goge naka in sa nasa.

An fassara littafin zuwa Ingilishi, The Book of Charlatans, ga wanda Larabcin ya yi wa tsauri.

Ɗan Marina: Wallahi na yi dariya har ƙanwata ta leƙo. To ashe duk 'yan damfara ne ke nan?

Baban Halifa: A'a, nan ne mutane ke kuskure. 'Yan damfara sun yi yawa, shi ya sa Fafaroma John na 22 ya fitar da doka a kansu a 1317, Ingila ma ta haramta "ninka" zinariya da azurfa a 1404, ba a soke ba sai 1689, kuma masanin sinadaran nan Robert Boyle na cikin waɗanda suka yi faɗi-tashin a soke. Amma na gaskiyan cikinsu suna da tunani mai tsari. A ganinsu duk ƙarafa daga abu biyu suke, zaiba da farar wuta, suna nuna a cikin ƙasa kamar yadda 'ya'yan itace ke nuna a bishiya. Dalma ɗanya ce, zinariya nunanna. To in haka ne, me zai hana a gaggauta nunar da wuta? Ka tuna suna ganin ana fitar da azurfa daga dutsen dalma, suna ganin jan ƙarfe ya zama rawaya in an haɗa shi da wata ƙasa. Da abin da suka sani, maganar ba hauka ba ce.

Kuma a hanya sun tsinci abubuwa. Hennig Brand a Hamburg, 1669, ya tara fitsari ya yi ta dafawa, wai tunda rawaya ne ƙila akwai zinariya a ciki. Sai ya samu wani abu mai haske cikin duhu, shi ne fosfaras, wanda yau ke cikin takin zamani da ashana. Shi kuwa Böttger, yaro ne da ya cika baki cewa yana iya yin zinariya, Sarki Augustus na Saksoni ya tsare shi ya ce sai ya yi. Zinariya ta ƙi, amma shi da wani masani Tschirnhaus suka gano sirrin tangaran irin na Sin, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Sarki ya samu kuɗinsa ta wata ƙofa.

Mai Sirrin Arziki: Salam 'yan uwa. Duk mai tsohon keken ɗinki ko tsohon dutsen guga na gawayi ya yi mini magana ta akwati. Akwai jar zaiba a ciki, muna saye da tsada, kuɗin gwaji kawai za ka fara turowa.

Mai Kula da Gida: Na cire shi. Ikon Allah, ana maganar kura sai ga ta da bunu a wuya.

Hajiya Mai Gwal: Tabarmak ya iso.

Na Tudu: Kun ga abin da nake gudu. Amma bari in yi adalci, na karanta abin da Malama da Alaramma suka rubuta, ban ga aibu a ciki ba. Hasali ma malamanmu sun yi magana a kan alkimiya. A tafsirin ayar Ƙaruna, inda ya ce an ba shi dukiyar ne bisa wani ilimi da ke wurinsa, wasu sun ce alkimiya ce, Ibn Kasir ya raunana wannan magana ya ce ilimin kansa ƙarya ne. Ibn Taimiyya ma yana da doguwar fatawa da ya kira ta algus. Inda ban yarda ba shi ne a haɗa ta da su Picatrix da Shamsul Ma'arif. Wancan narka ƙarfe ne, wannan kiran taurari da aljanu ne. Kada a ba yaro wannan da sunan tarihi.

Alaramman Layi: Ustaz, a nan muna tare, kuma Ibn Khaldun ya riga mu. Ɗan Marina, kafin ka kashe kuɗinka a kan littafin Bature, ɗauko Muƙaddima, babi na shida. Akwai fasali a kan sihiri da ɗalasimai, akwai na sirrin haruffa inda ya ambaci Al-Buni, akwai biyu a kan alkimiya, ɗaya bayani ɗaya raddi. Mutumin ya karanta littattafan kafin ya soke su. Har ya yi wata tsokana da nake so: ya ce Ibn Sina da ya ƙaryata alkimiya waziri ne mai dukiya, Farabi da ya ce tana yiwuwa kuwa talaka ne fitik. Ka ga ke nan tun 1377 an gane cewa aljihu na da ra'ayi.

Shi Ibn Sina a cikin Ash-Shifa ya ce masu wannan sana'a rini kawai suke iya yi, su sa jan ƙarfe ya yi kama da zinariya, amma asalin abu ba ya canzawa. Aɗ-Ɗugra'i, mai Lamiyyatul Ajam da ake karantawa a zaurukanmu, shi ya tashi ya yi masa raddi.

Malamar Tarihi: Wani abin dariya, wannan sashe na Ibn Sina da aka fassara zuwa Latin sai aka liƙa shi a ƙarshen wani littafin Aristotle, Turawa suka daɗe suna zaton maganar Aristotle ce.

Game da damuwar Ustaz, ni ga yadda nake rabawa. Akwai littafin da ke koya maka yi, akwai wanda ke ba ka labarin masu yi. Na farkon ba na tura kowa gare shi, ba ma don addini kaɗai ba, har don ba za ka fahimci komai ba. Wanda ya buɗe littafin sihiri na Bajamushen nan Agrippa na 1533 ba tare da shimfiɗa ba zai fito da ciwon kai ne kawai. Na biyun kuwa, ga Magic in the Middle Ages na Richard Kieckhefer, ƙarami ne mai sauƙi. Ga Grimoires na Owen Davies, tarihin su kansu kundayen sihirin, kuma zai ba ka mamaki don ya biyo sawunsu har Afirka ta Yamma, yadda wani ɗan kasuwar Chicago, De Laurence, ya riƙa aiko da littattafai ta gidan waya zuwa Najeriya da Gana. Idan kana son taswirar fannin gaba ɗaya, Wouter Hanegraaff na Jami'ar Amsterdam yana da ɗan littafin gabatarwa na 2013.

Frances Yates kuma, littafinta na 1964 a kan masanin falsafar Italiya Giordano Bruno, daɗin karatu kamar labari. Ita ta farfaɗo da zancen yadda Cosimo de' Medici, mai iko da birnin Florence, ya sa masanin nan Ficino ya ajiye fassarar Aflaɗon ya fara da littattafan Hermes a 1463, don an ɗauka sun kai zamanin Annabi Musa tsufa, har sai da Isaac Casaubon ya nuna a 1614 cewa bayan zuwan Annabi Isa aka rubuta su. Amma ta ja zaren ya wuce ƙima wajen cewa sihirin nan ne ya share wa kimiyyar zamani hanya. Ka karanta ta, kada ka haddace ta.

Na Tudu: Malama, na ji rabonki. Ni dai har yanzu ina ganin mai zagaya bakin rijiya wata rana santsi zai kwashe shi. Amma na yi shiru.

Ɗan Damagaram: Gaisuwa daga Nijar. Mu nan ta Faransanci muka san abin. Da na je Faris wani aboki ya kai ni wani tsohon gida a titin Montmorency, na 1407, gidan Nicolas Flamel, wanda ake cewa ya gano dutsen masana, wato abin da ke mayar da ƙarfe zinariya. To bincike ya nuna magatakarda ne kawai, ya auri mace mai dukiya, ya yi harkar gidaje, ya yi sadaka da yawa. Ya rasu 1418. Littafin alkimiyar da ake jingina masa bai fito ba sai 1612, kusan shekara 200 bayan an binne shi. Irin abin da Malama ta faɗa ne a kan Geber, sunan matacce ba ya musu.

Kuma wanda yaron ya tambaya, ƙungiyar asiri ta Golden Dawn, ai jiya-jiya ne. 1888 aka kafa ta a Landan, shahararren mai sihirin nan Aleister Crowley ya shiga 1898. Sun ɗebo da yawa daga wani Bafaranshe, Éliphas Lévi, na tsakiyar ƙarni na 19. Suna da'awar tsufa, amma ɗinki ne na ƙyallaye.

Baban Halifa: Wannan batu na ƙarni na 19 yana da muhimmanci, don shi ne zai fi rikita mai karatu. Za ka ga littattafai da yawa na cewa masu alkimiya ba zinariyar gaske suke nufi ba, wai tsarkake zuciya ne, dalma ita ce rai mai datti. Wannan fassara ta yi ƙarfi ne daga wajen 1850, sannan Carl Jung ya ɗora mata rigar ilimin halayyar ɗan Adam a 1944. Principe da Newman sun yi mata kaca-kaca da hujjar littattafan ajiyar gwaji na su Starkey, masu awo da lissafin gawayi. Misali, zanen nan na kyarkeci yana cinye sarki, sannan a jefa kyarkecin a wuta sarki ya fito da rai. Sarki zinariya ce, kyarkeci dutsen antimoni ne da ke cinye dattin da ke cikinta. Hanyar tace zinariya ce aka ɓoye cikin zane. Ba na cewa babu addini a ciki, mutanen masu ibada ne, amma hannunsu baƙi ƙirin yake da toka.

Malamar Tarihi: Ina da ɗan ja a nan. Sun yi gaskiya a kan su Starkey, amma akwai marubuta irin su Jacob Böhme tun ƙarni na 17 da suka ɗauki kalmomin alkimiya suka yi zancen ruhi da su. A wajenmu ma Imam Gazali ya sa wa littafinsa Kimiya'us Sa'ada, kuma ba tanderu a ciki. Ba Jung ya fara ba, ya dai shafa wa kowa fenti ɗaya.

Baban Halifa: Na karɓa.

Alaramman Layi: Tunda an zo gida, kada a manta da namu. Muhammad Al-Kashnawi, Bafulatanin Katsina, ya je aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Al-Jabarti, mahaifin shahararren mai tarihin Masar. Ya rubuta Ad-Durrul Manzum a kan sihiri da ɗalasimai da taurari, ya kuma yi rubutu a kan hatimi, yadda ake jera lambobi a gida-gida. Masana tarihin lissafi suna ambatonsa saboda wannan. Hatimin nan mai gida tara da kowane layi ke ba da 15, wanda kowane almajiri ya taɓa gani, yana cikin littattafan Jabir, kuma shi ne Agrippa ya kira hatimin tauraron Zuhal a littafinsa. Ɗan Marina na can yana leƙen Landan, abin yana bayan gidansu.

Sarkin Gardama: Ai na faɗa.

Alaramman Layi: Sarki, hatimin nan Sinawa sun riga kowa saninsa. Zauna.

Bazamfariya: Ina ta karanta ku tun safe ban sa baki ba. Kuna ta dalma da zinariya kamar tatsuniya, mu kuwa mun ga haɗuwarsu da ido. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dutsen da ake haƙowa don zinariya cike yake da dalma. Ana kawo shi gida a daka, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida. Yara sama da 400 suka rasu kafin a shawo kan abin, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka daɗe suna aiki a Bagega da kewaye. Zaibar da kuke ambata kuma har gobe da ita ake kama zinariyar, a ƙona ta tashi, mutum na tsugune a kai yana shaƙa. Duk littafin da za a ba yaron nan, a haɗa masa da wannan.

Ɗan Damagaram: Allah ya jiƙansu. Mu ma tun da aka ga zinariya a Jado a 2014 samarinmu ke kwarara arewa, zaibar nan kuwa a kwalba suke yawo da ita kamar turare.

Baban Halifa: Amin. Kuma su kansu masu tanderun da ba su tsira ba. An gwada gashin Newton a wajen 1979 aka samu zaiba mai yawa, har wasu na danganta rikicewar da ya yi a 1693 da ita, ko da yake ba kowa ya yarda ba.

Bari in rufe wa Sarkin Gardama wata ƙofa kafin ya buɗe ta: e, yau ana iya mayar da dalma zinariya. Bambancinsu adadin furoton ne a cikin ƙwayar zarra, dalma 82, zinariya 79. Ka fizge uku, shi ke nan. Wuta ba ta isa can, shi ya sa suka yi shekara dubu da ɗoriya a banza. Glenn Seaborg ya yi da wani ƙarfe mai suna bismut a 1980, ya samu 'yan dubban ƙwayoyi. A 2025 cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ta sanar cewa tsakanin 2015 da 2018 na'urarta ta samar da ƙwayoyin zinariya wajen biliyan 86 daga dalma. Nauyinsu duka: ka raba giram ɗaya gida tiriliyan, ka ɗauki 29. Kuma ko ƙiftawar ido ba sa kaiwa suke tarwatsewa.

Hajiya Mai Gwal: To su riƙe abinsu. Ko ɗan kunnen jaririya ba zai yi ba.

Ɗan Marina: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na rubuta Principe da Kieckhefer, zan sa a duba mini kuɗinsu. Ɗazu na shiga ɗakin Baba na tarar da Muƙaddima a cikin akwatin littattafansa, bugun Beirut, gara ta ɗan taɓa bangon. Ya tambaye ni me zan yi da ita, na ce babi na shida nake nema. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in zo bayan la'asar mu karanta tare, wai Larabcina bai kai a bar ni ni kaɗai da Ibn Khaldun ba.

Na Tudu: Madalla. A gaishe da Baba, a ce ya fara da fasalin raddin.